Me ke sa garken barewa ya haifi mata fiye da maza?

Tambaya: Ina kiwon jar barewa, wato babbar barewar nan da mazanta kaɗai ke da ƙaho mai rassa, iyaye mata 24 da namiji guda. Bana na yaye 'ya'ya 20, mata 13, maza 7. Ni kuwa maza nake so saboda ƙaho da nama. Wani ya ce laifin namijin ne, in sauya shi. Wani kuma ya ce abinci ne. Ina gaskiyar take, kuma akwai abin da zan iya yi?

Amsa: Kada ka yi gaggawar rabuwa da namijin nan, ɗan'uwa. Lissafin shekara guda a garke mai iyaye 24 bai isa a kama shi da laifi ba, haka nan bai isa a ɗora wa abinci ba. Ɗauki kowane ciki kamar tsabar kuɗi ce aka jefa sama, ko ta faɗi ta wannan fuska ko ta waccan. A haihuwa 20, samun 13 da 7, ko abin da ya fi haka karkata ta ɓangaren maza ko ta mata, yana zuwa kusan sau ɗaya a shekara huɗu ba tare da wani dalili ba ko kaɗan. Ko 'ya'ya 100 ka ƙirga, duk adadin maza da ya faɗo tsakanin 40 da 60 sa'a kaɗai na iya kawo shi. Sai ƙirgar ta kai wajen 400 sannan tazarar ke matsewa zuwa 45 da 55 cikin ɗari. Shi ya sa makiyaya da yawa ke sauya namiji bayan shekarar da mata suka yi yawa, baɗi maza su ƙaru, sai su ce sun gano matsalar, alhali ko da tsohon namijin ne haka za ta iya kasancewa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka ba 13 da 7 ba ne. Iyaye 24, yaye 20. Ina sauran huɗun? Ba su kama ciki ba ne, ko sun kama ya zube, ko sun haihu ɗan ya mutu a cikin ciyawa ba ka gani ba? Ƙirgar jinsi kala uku ce: ta ranar da ciki ya shiga, ta ranar haihuwa, da ta ranar yaye. Kai ta ukun ka kawo, wato ƙirgar waɗanda suka tsira. Da huɗun nan sun zo, kuma uku daga ciki maza ne, da lissafinka ya zama 14 da 10, da ma ba ka yi tambaya ba. Yawancin abin da bincike ya gano game da karkatar jinsi a barewa a nan yake: ɗa namiji ya fi tsada ga uwa, kuma duk wata matsi da ta sami uwa shi take fara ci.

A asali dai maniyyin uba ne ke yanke jinsi. Kuromosom ƙunshin sinadarin gado ne da ke cikin ƙwayar halitta, kuma ƙwan uwa kullum kuromosom X yake ɗauke da shi, ƙwayoyin maniyyi kuwa rabinsu X ne, rabinsu Y. In mai Y ce ta riga shiga, namiji. In mai X ce, mace. Tun 1930 masani Ronald Fisher ya bayyana abin da ke riƙe da wannan ma'auni a kusa da rabi da rabi: duk jinsin da ya yi ƙaranci a cikin al'ummar dabbobi, mai haifarsa ya fi samun jikoki, don haka karkatar kan gyara kanta. A shanu da aladu, inda ake da rajistar haihuwa mai ɗimbin yawa, an duba ko halin haifar maza yana bin jini, aka tarar gadonsa kusan babu. Saboda haka in wani ya tallata maka namiji da sunan zuri'arsu maza suke haifa, ƙahonsa da girman jikinsa da lafiyarsa za ka biya, ba wannan alkawari ba.

Duk da haka, barewa ce dabbar da aka fi samun hujjar cewa ma'aunin yana ɗan motsawa. A 1973 Robert Trivers da Dan Willard suka kawo wani hasashe. A dabbar da namiji ɗaya ke mallake mata da yawa, ƙaƙƙarfan namiji zai iya haifar 'ya'ya da dama a kaka guda, rarrauna kuwa ya ƙare rayuwarsa bai taɓa barbara ba. Ita mace, ko mai ƙarfi ce ko rarrauna, kusan kullum za ta sami mai hawanta, ta haifi ɗanta guda a shekara. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: uwa mai jiki da nono ita ke fitar da ƙaton ɗa. To uwar da ke cikin ƙoshi ribarta na ga haifar namiji, wadda ke cikin wahala kuma ribarta na ga mace.

Tsibirin Rum da ke yammacin Sikotland shi ne inda aka fi gwada wannan magana. Tun farkon shekarun 1970 ake bin jajayen bareyin wani yanki na tsibirin ɗaya bayan ɗaya, daga haihuwa har mutuwa, an san uwar kowace. A 1984 Tim Clutton-Brock da Steve Albon da Fiona Guinness suka nuna cewa iyayen da ke sama a jerin iko, waɗanda sauran mata ke kauce wa, wajen 60 cikin ɗari na 'ya'yansu maza ne, na ƙasa kuwa nasu mazan ba su kai rabi ba. Wannan sakamako ya yi suna ƙwarai, har yau shi ake yawan ambata. Amma ci gaban labarin ya fi amfani ga mai kiwo. An daina harbin bareyi a yankin tun farkon aikin, garken ya yi ta ƙaruwa, ciyawa ta yi ƙaranci. A 1999 Loeske Kruuk da abokan aikinta suka sake duba bayanan, suka tarar fifikon manyan iyayen nan ya ɓace da cunkoso ya yi yawa. Adadin mazan da ake haifa a garken gaba ɗaya ma ya ragu a shekarun cunkoso da shekarun da ruwan hunturu ya yi yawa. Cunkoson hunturu da ruwansa bayan shigar ciki suke zuwa, don haka bayani mafi kusa shi ne tayi namiji ne ke zubewa in uwa ta sha wuya. A tsibirin nan kuma, bayan haihuwa ma maza ne suka fi mutuwa a hunturunsu na farko da na biyu idan abinci ya gaza.

Ta yaya jikin uwa ke yin wannan tacewa? Tayi namiji ya fi saurin girma tun kwanakin farko, ya fi kuma buƙata. A gwajin tayin shanu a ɗakin bincike, yawan sukari a ruwan da ake renonsu ya fi yi wa maza daɗi fiye da mata. A 2004 Elissa Cameron ta tattara binciken da aka yi a kan dabbobi masu shayarwa iri-iri, ta ga cewa inda aka auna yanayin uwa a daidai lokacin ɗaukar ciki, sakamakon ya fi dacewa da hasashen Trivers da Willard. Inda aka auna ta can cikin goyon ciki ko bayan haihuwa kuwa sai abin ya watse. Ta kawo shawarar cewa sukarin jinin uwa a waɗannan kwanaki na iya zama mabuɗin. Akwai kuma saƙon da tayi ke aika wa mahaifa a makonninsa na farko, wani sinadari da ke hana jikin uwa komawa neman barbara, kuma an ga alamun cewa namiji da mace ba sa aika shi daidai da juna. Darasin da nake ɗauka daga nan shi ne lokaci. Ƙibar da uwa ta yi ana saura wata ɗaya ta haihu ba ta da abin da za ta ƙara wa jinsin ɗan da ke cikinta. Makonnin da ke gab da barbara da na bayanta su ne masu nauyi, kuma uwar da jikinta ke hawa a lokacin ta fi wadda ke saukowa, ko da nauyinsu ɗaya a sikeli. An yi wani ƙaramin gwaji a Ayalan da barewar falo, wata irin barewa da ba ta kai jar barewa girma ba, aka wallafa shi a 2001, inda iyayen da aka ba abinci mai ƙarfi suka haifi maza fiye da waɗanda aka rage wa. Dabbobin ba su da yawa, amma alƙiblar ɗaya ce.

Kana iya cewa a gona ai babu yunwa irin ta tsibiri. To je ka tsaya nesa kaɗan da kwamin abinci wata safiya, ka bar su su manta da kai. Za ka ga wata babbar uwa ta iso, ba ta ko gudu. Ta kwantar da kunnuwa baya, ta ɗaga haɓa, ta ƙura wa ta kusa da ita ido. In waccan ba ta matsa ba sai cizo a wuya, ko bugu da ƙafar gaba. In ta ƙi bari, su biyun su miƙe a kan ƙafafun baya suna dukan juna da kofato. Kafin a jima manyan sun jeru a kan hatsi, ƙananan da masu cikin fari suna gefe suna tsintar abin da ya zube, wata ma ta juya ta koma ciyawa ba ta ci ko loma ba. A takarda ka raba abinci daidai wa daida. A fili, kashi ɗaya cikin uku na garken na zaman tsibirin Rum a tsakiyar gonarka. Maganin wannan ba tsada gare shi ba: ƙara tsawon kwami ko ka baza abincin a dogon layi, ka rage yawan dabbobi a kowane shinge, ka ware 'yan shekarar farko da ramammu su ci su kaɗai, kuma kada ka cakuɗa garken da ba su san juna ba ana gab da barbara, don sai sun sake kafa jerin iko daga farko.

Shekarun uwa ma suna shiga. Masu bincike a Sifaniya sun tarar ƙananan iyaye, waɗanda su kansu ba su gama girma ba, sun fi ɗaukar cikin mata, sun kuma nuna cewa uwar namiji ta fi fitar da nono. Wato wadda ta shayar da namiji bana ta fi saurin zubar da jiki kafin barbara mai zuwa. Idan garkenka sabo ne, cike da iyaye masu haihuwar fari da ta biyu, wannan kaɗai na iya ɗan ja da lissafin zuwa mata, kuma zai daidaita da kansa. A Niyu Zilan, inda kiwon barewa ya fi ko'ina bunƙasa, ana haihuwa a Nuwamba da Disamba, barbara kuma a Maris da Afrilu, kuma makiyaya da yawa kan yaye 'ya'ya kafin barbara don uwa ta murmure ta kama ciki da wuri. Suna shafa baya da ƙugu su ba dabba maki daga 1 zuwa 5. Uwar da ta gaza 3 a bakin barbara tana buƙatar kulawa ta musamman. Budurwar jar barewa kuwa sai ta kai wajen kilo 65 zuwa 70 kafin a sa ran za ta kama.

Kada dai a ɗauki wannan a shimfiɗa wa kowace irin barewa. A barewa mai farar wutsiya ta Amurka, Louis Verme ya sami akasin haka a Mishigan: iyayen da aka rage wa abinci su ne suka fi haifar maza. Bayanin da ake bayarwa shi ne 'ya mace na zama kusa da uwarta ta ci daga makiyayarta, namiji kuwa tafiyarsa yake yi, don haka a wurin da abinci ya yi ƙaranci ɗan da zai bar gida ya fi sauƙi. Sannan irin wannan barewa tagwaye take yawan haifa, uwa mai ƙoshi na iya zuba ƙarfinta a yawan 'ya'ya maimakon jinsinsu. Taka jar barewa ɗa guda take haifa bayan ciki na kwana 233 ko kusa da haka, saboda haka binciken Rum da na Sifaniya su suka fi kusa da kai.

Sai lokacin barbara, kuma nan abu biyu ne da ake yawan haɗawa. Na farko, awa nawa ta yi da fara neman namiji kafin a hau ta. Verme da John Ozoga sun ruwaito a 1981 cewa masu farar wutsiyar da aka barbara a cikin yinin farko akasari mata suka haifa, waɗanda aka jinkirta wa fiye da kwana biyu kuwa akasari maza. Sakamakon yana da jan hankali, amma gwaje-gwajen da aka yi a shanu don a maimaita shi sun zo a gauraye, kuma mai jinkirta barbara da gangan yana iya tashi babu cikin ma gaba ɗaya. Ban ba ka shawarar ka bi wannan ba. Na biyu, a zagaye na nawa ta kama. Jar barewar da ta kuskure zagayen farko sai bayan kwana 18 take dawowa. A wani gwaji da aka yi da rendiya, barewar ƙasashen ƙanƙara na arewacin duniya, a Kaamanen ta ƙasar Finlan, aka wallafa a 2006, an sa wa wasu iyaye mazan da aka yi wa aikin hana haihuwa a zagayen farko don su kama a na biyu. Waɗanda suka kama a na farko wajen 60 cikin ɗari maza suka haifa, na zagaye na biyu kuwa mazansu ba su kai ɗaya cikin uku ba. Wannan kam yana hannunka: shigar da namiji da wuri, iyaye cikin jiki mai kyau, yawancinsu su kama tun zagayen farko. Ko jinsi bai motsa ba, ɗan da aka haifa da wuri ya fi nauyi ranar yaye.

Yanzu mu koma ga wanda ake zargi. Mai cewa laifin namiji ne bai yi magana a banza ba. A 2006 Montserrat Gomendio da abokan aikinta a Sifaniya suka ɗura wa iyaye 344 maniyyin maza 14, kowace uwa da adadin ƙwayoyi iri ɗaya, don a cire tasirin zaɓin mace da lokacin hawa. Rabon 'ya'ya maza ya tashi daga 25 cikin ɗari a wani uba har zuwa 72 a wani. Mazan da suka fi sa ciki, masu yawan ƙwayoyin maniyyi masu kyan siffa, su ne suka fi haifar maza. A rendiya ma an ga manyan maza masu nauyi sun fi ba da 'ya'ya maza. Lura da abin da wannan ke nufi: alamar uban da za a tuhuma ita ce raunin sa ciki. In duk iyayenka sun kama, kuma da wuri, namijinka ba shi da alamar laifi ko da mata sun fi yawa bana. In kuwa huɗun nan da suka ɓace ba su kama ba ne sam, ga kuma haihuwa ta ja har makonni da yawa, to a kira likitan dabbobi ya ɗebi maniyyinsa ya duba kafin kaka mai zuwa. Cikakken namiji lafiyayye yana iya wa mata 30 zuwa 50, don haka 24 ba su yi masa yawa ba, sai fa in ƙarami ne ko ya tsufa, ko ya shiga barbara a rame. Ka tuna a makonnin barbara kusan ba ya cin abinci, da kitsen da ya tara yake aiki. Sauya shi da wani namiji a ƙarshen kaka don ya kwashe ragowar dabara ce da aka saba.

Lokacin haihuwa shi ne inda ƙirga ke ɓacewa a mafi yawan gonaki. Uwa kan ware kanta, ta yi ta zirga-zirga a bakin waya tana neman maɓoya, ta haihu, ta lashe ɗan, ta bar shi kwance cikin doguwar ciyawa ta koma nesa. Kwanakin farko ko ka zo dab da shi ba ya motsi, ya manna haɓa a ƙasa, ɗigon farin da ke bayansa ya saje da hasken da ke ratsa ganye. A wannan lokaci ne ake iya kama shi a hankali, a duba ƙarƙashin ciki da gindin wutsiya, a auna, a sa lamba a kunne, a mayar da shi inda yake ba tare da an daɗe ba. Wanda ya mutu kuwa, in ba a zagaya kullum, namun daji da tsuntsaye sun gama da shi kafin a sani. Ɗa namiji ya fi mace nauyi a haihuwa, don haka shi ya fi maƙalewa, musamman in uban wafiti ne, wato wata irin barewa da ta fi jar barewa girma, aka ɗora a kan ƙaramar jar barewa, ko uwar ta yi kitse fiye da kima a ƙarshen ciki. Ka ga ke nan ciyarwar da ke taimako kafin barbara ita ce ke cutarwa in an ci gaba da ita har gab da haihuwa. Duk gawar da ka tsinta, ka duba jinsinta ka rubuta.

Hanya ɗaya ce tak na sani da ke juya jinsi yadda mai garke ke so, wato tace maniyyi. Kuromosom X ya fi Y girma, don haka ƙwayar da ke ɗauke da shi ta fi yawan sinadarin gado da kusan 4 cikin ɗari. Ana shafa wa ƙwayoyin rini mai ƙyalli, na'ura ta haska su ɗaya bayan ɗaya ta raba su gida biyu. Lawrence Johnson na ma'aikatar gona ta Amurka ne ya fara nuna nasarar wannan a 1989 da zomaye, yau kuma a shanu ya zama ruwan dare, inda wajen 90 cikin ɗari ke zuwa da jinsin da aka zaɓa. An yi shi a wafiti, da barewar sika a ƙasar Sin, da mai farar wutsiya a Amurka, inda masu kiwon ƙaho ke neman maza ido rufe. Sai dai yana da wahalarsa. Ƙwayoyin da ke cikin kowane ƙunshi kaɗan ne, tacewar kuma na gajiyar da su, don haka kamun ciki kan ragu. Dole a daidaita zagayen iyaye da maganin homon, wato sinadarin da ke sarrafa zuwan neman barbara, na kusan kwana 12, a kwantar da kowace, ƙwararre ya zuba maniyyin kai tsaye cikin mahaifa ta ɗan huji a ciki. Ga garken da kowane namiji ke da daraja mai yawa, kuɗin na iya fita. Ga iyaye 24 na nama da ɗanyen ƙaho, ka yi lissafi da kyau tukuna, ka kuma sa a ciki cewa kana buƙatar 'yan mata kowace shekara don maye gurbin tsofaffi. Cikin 13 ɗin nan za ka zaɓi mafi kyau.

Abin da zan so ka fara da shi bana shi ne sikanin, wato duba ciki da na'urar ɗaukar hoto. Bayan an fitar da namiji da kamar wata ɗaya da rabi, a duba kowace uwa a san wadda ta kama da kimanin ranar da ta kama. Daga nan kowace ta sami layinta a littafi: shekarunta, makin jikinta a bakin barbara, ko ta shayar bara da jinsin da ta shayar, ranar haihuwa, jinsi da nauyin ɗan, ko ya kai yaye. Da wannan za ka san ko huɗun da ke ɓacewa a barbara suke ɓacewa, ko a goyon ciki, ko a cikin ciyawa. In a barbara ne, namijin za a bincika. In tsakanin sikanin da haihuwa ne, abincin hunturu da cunkoso da gwajin jini don cututtukan ɓari da ƙarancin ma'adinai irin su jan ƙarfe. In bayan haihuwa ne, filin haihuwa da wayar shinge da girman uban da ka ɗora.